Filin Gwaggo: Akwatin Ɗumame Ya Iya Girki?

Wasiƙu uku na zaɓo wannan mako, duk daga Tamale, biyu daga unguwar Kanvili, ɗaya daga Zongo. Dukansu a kan maikirowef suke, akwatin nan mai ɗumama abinci da yanzu ake sa wa amare cikin kayan ɗaki. Kamar kullum, na sakaya sunayen masu su.

Ta farko: Daga wata ma'aikaciyar jinya, Kanvili

Gwaggo, barka da aiki. Shekarata 27, ina haya a ɗaki ɗaya da baranda. Aikin dare da na rana ya raba ni da girki. In na taso a gajiye, ko in tsaya wajen mai waakye, ko in jefa taliyar leda a ruwan zafi in fasa ƙwai. Yayata ta aiko mini da maikirowef daga Kumasi bara, ina kuma da ɗan ƙaramin firij, amma ban da ɗumama waakye ba abin da nake yi da akwatin. Kwanan nan na auna jinina na ga ya fara hawa, kayan aikina ma sun matse ni. Wallahi kunya nake ji, ni da nake yi wa marasa lafiya wa'azin cin ganye. Da gaske mutum zai iya dafa cikakken abinci a cikinsa, ko zancen masu talla ne?

Amsa

'Yata, Allah Ya ba da ladan jinya. Kunyar nan ki ajiye ta, dama wanzami ba ya son jarfa.

Ana dafawa, kuma abinci mai kyau. Sai dai cikar abinci tun daga kasuwa ake haɗo ta, akwatin abin da kika ba shi zai dawo miki da shi. Kin fi ni sanin darasin taurari huɗu da ake koya wa iyaye mata ranar awo: tauraron hatsi da doya da dankali, tauraron wake da gyaɗa da waken suya, tauraron ganye da 'ya'yan itace, sai na nama, kifi, ƙwai da nono. Don yara aka tsara shi, amma babba ma in ya ƙirga kwanonsa da shi ba zai yi asara ba. Taliyarki da ƙwai tauraro biyu ne, da gishiri mai tarin yawa a ƙunshin garin da ke cikin ledar. Waakye kuwa, wanda sunansa ma daga waken Hausa ya fito, da tauraronsa biyu yake sauka daga tukunya. Abin da ke ɓata shi shi ne taliya da gari da mai da ake lafta masa, ganye kuma ɗan tsinke don ado.

Ki fara sanin halin akwatin. Igiyoyinsa ruwan da ke jikin abinci suke girgizawa har ya ɗauki zafi, kuma ba sa kutsawa can ciki, iyakarsu kamar santimita biyu daga waje. Sauran zafin a hankali yake ratsawa zuwa tsakiya. Shi ya sa kike samun waakye gefe na ƙona harshe, tsakiya sanyi ƙalau. Maganin haka shi ne ki yanka komai ƙanana daidai wa daida, ki rufe kwano da murfi ko faranti ki bar ɗan gefen da tururi zai fita, ki juya abincin in lokaci ya yi rabi, kuma in ƙararrawa ta buga ki bar shi a rufe minti biyu ko uku. A wannan ɗan hutun ne tsakiya ke ƙarasa nuna.

Duk abin da ake turarawa, akwatin gwaninsa ne: ganye, kifi, doya, dankali, kabewa, kaɗaɗɗen ƙwai, alala. Suya kuwa ba aikinsa ba ce. Busasshen wake, naman zabo mai tauri da ganda, waɗannan tafasa mai tsawo suke so a kan wuta. Tuƙin tuwo ma sai muciya da damtse.

Don haka sai ki raba aiki tsakanin murhu da akwati, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar hutunki ki hau keken yalo-yalo zuwa Aboabo ko babbar kasuwa, ki sayo doya, dankali mai ruwan lemo a ciki, wake, tumatir, attarugu, albasa, daddawa, busasshen kifin amani, alayyafo da zogale. Ki kunna wuta sau ɗaya tak. Ki dafa wake har ya yi luguf, ki tafasa zabo ko nama, ki soya jajjage da mai kaɗan da daddawa. Ki raba su kashi-kashi, kowane kashi na ci ɗaya. Na kwana uku su zauna a firij, sauran su hau wajen ƙanƙara. Ganye ki wanke, ki tsane, ki naɗe a tsumma mai tsabta. Aikin awa biyu ne, ya ɗauke miki mako.

Ga abin da za ki yi daren da kika dawo ƙafa na zogi. Lokutan da zan ba ki na akwati mai ƙarfin wat 800 ne. Ki duba takardar da ke manne a bayan naki, in 700 ne ki ƙara kaɗan, in 1000 ne ki rage.

Ɗauki kwanon gilashi mai zurfi. Ki fere doya yanka biyu, ki yayyanka kamar kan babban yatsa, ki zuba ruwa rabin kofi, jajjage cokali uku da amani ɗan tafi. Ki rufe, minti 5. Ki buɗe murfin ta gefen da ba ya kallon fuskarki, don tururin nan ba ya wasa, ki juya, ki ƙara minti 5. In cokali mai yatsu ya shige doyar ba gardama, ki zuba dafaffen wake ludayi guda da alayyafo tafi biyu, ki mayar minti 2, ki bar shi ya huta kafin ki cire takalmi ki wanke hannu. In kin buɗe za ki ga ganyen kore shar, doyar ta fara narkewa ta gefe ta yi wa romon kauri, ƙamshin daddawa ya cika ɗaki. Faten doya ke nan mai tauraro huɗu, a kwano ɗaya, cikin kwata na awa, kuma kwanon da kika dafa a ciki shi za ki ci a ciki.

Ranar shinkafa, kofi ɗaya da ruwa kofi biyu, a babban kwano don tana tafasowa ta zube. Minti 5 da cikakken ƙarfi, minti 12 da rabin ƙarfi, sai ki fitar ki bar ta a rufe. Tana hutawa ki shimfiɗa kabeji da karas a faranti, ki ɗora yankan karfasa da kika shafa wa citta, tafarnuwa da lemon tsami, ki rufe, minti 4 zuwa 5. In tsokar ta yi fari tana rabuwa da ƙaya, ta nuna.

Da safe kuma, dankali guda matsakaici, ki wanke ki sossoke shi da cokali mai yatsu, minti 5 zuwa 7, ki juya shi a tsakiyar lokaci. Ki kaɗa ƙwai a kofi da albasa da zogale, minti ɗaya da rabi, ki motsa sau ɗaya. Ki haɗa da gwanda ko kankana, ko mangwaro in lokacinsa ne. Wancan dankali mai ruwan lemo yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, shi ya sa masu aikin gona da na lafiya suka yi ta yaɗa shi a arewacin Ghana.

Tuwo kuwa, in kin samu wanda aka tuƙa, ki yayyafa masa ruwa, ki rufe, minti biyu zai dawo tuwo zafi na gaskiya. Ki ɗumama miyar ayoyo ko kuka daban har ta tafasa.

Kada ki damu da masu cewa akwatin na kashe amfanin abinci. Kowane irin dahuwa na rage wani abu. Bitamin C da folet ruwa suke bi, kuma daɗewa a wuta na lalata su. Ganyen da aka tafasa a ruwa mai yawa aka tsiyaye, rabin alherinsa a kwata ya tafi. Wanda ya turaru minti biyu da ɗan ruwan da ke jikinsa ya fi shi riƙe abin da Allah Ya zuba masa.

Maganar jini kuma: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, duk da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen magi, taliyar leda da burodi. Ta kuma ce a ci ganye da 'ya'yan itace aƙalla giram 400. Ki rage dunƙule zuwa rabi, daddawa da citta da albasa su cike gurbin. A hankali harshe zai saba. Kuma ki sa abokiyar aikinki ta auna ki sau da yawa a ranaku daban-daban, ki kai wa likita sakamakon kamar yadda za ki umarci mara lafiya ya yi. Bayan wata guda ki rubuto mini yadda kayan aikin suka zauna.

Ta biyu: Daga wani malamin makaranta, Kanvili

Gwaggo, ina gaisuwa da fatan alheri. Maiɗakina ta haihu wata bakwai da suka wuce, mahaifiyata Mma ta zo daga Salaga ta zauna da mu. Tun ranar da ta ga an sa abinci a maikirowef ta ce ba za ta ci ba, wai ta ji a wani saƙon murya na WhatsApp cewa yana sa ciwon daji. Maiɗakina ta ɗauka girkinta ake rainawa. Yanzu tukunya biyu ake ɗorawa, gaisuwa ma da ƙyar. Abin ya ƙara zafi da Mma ta ga ana ɗumama madarar yaro a ciki, ta ɗauke jikanta ta shige ɗaki. Ni ina tsakiya, kowa na duba sai ta kau da kai. Wa ke da gaskiya?

Amsa

Ɗana, kowacce na da rabonta, kuma a kan madarar yaro rabon Mma ya fi yawa.

Bari mu fara da ciwon daji. Cikin akwatin akwai wata na'ura da ake kira magnetron, mai fitar da igiyoyi dangin na rediyo da wayar salula, suna kaɗawa sau biliyan 2.45 a daƙiƙa. Ba dangin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti ba ne, ba su da ƙarfin taɓa ƙwayar halitta. Zafi kawai suke haifarwa, kuma ba sa zama cikin abinci. Ka buɗe ƙofa, sun ɗauke nan take kamar yadda ɗaki ke duhu in an kashe ƙwan lantarki. Ragar ƙarfen nan mai ƙananan huji da ke jikin gilashin ƙofa ita ke tsare su a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa in an bi ƙa'idar amfani da shi ba shi da haɗari. In ƙofa ta lanƙwashe, ko ba ta rufuwa sosai, ko ragar ta yi tsatsa ta ɓule, a daina amfani da shi har mai gyara ya duba.

Kuma ba baƙon abu ba ne a duniya. A 1945 wani injiniya a Amurka, Percy Spencer na kamfanin Raytheon, yana aiki kusa da na'urar hango jiragen sama sai ya ji cakulan ya narke a aljihunsa. Na farko da aka sayar a 1947 ya kai tsayin mutum, nauyinsa ya haura kilo 300. Na ɗorawa a kan tebur ya shigo gidaje a 1967. Fiye da shekara hamsin ke nan ana ci daga cikinsa. Hayaƙin itace da gawayi da iyayenmu suka shaƙa a madafa shi ne wanda hukumar ta ce, tare da sauran ƙazamin makamashin girki, yana kashe wajen mutum miliyan 3 a shekara a duniya. Wannan kai nake gaya wa. Kada ka je ka karanta wa Mma shi kamar kana gaban allo.

Haɗarin akwatin na gaske a wajen mazubi yake. Baƙar leda da ake ƙulla tuwo ko koko a ciki, farar robar soso ta masu sayar da abinci, tsohuwar robar man shafawa ko ta bota, duk ba a yi su don zafi ba. Suna narkewa, sinadaransu na iya zuba cikin abinci, musamman mai maiƙo. A juye a gilashi ko tangaran. Ƙarfe kuma ko kusa: tukunyar alminiyam, kwanon samira, cokali, har farantin amare mai zanen zinariya a baki, tartsatsi za su yi. Ƙwai da ɓawonsa fashewa yake. Ni da nake ba ka shawara na taɓa gwadawa ina sauri, na ji kamar an harba bindigar toka a madafa, na wuni ina kankare gwaiduwa daga rufin akwati.

Yanzu madara. Tunda akwatin ba ya raba zafi daidai, kwalba na iya zama ɗumi-ɗumi a hannu alhali wani sashe na madarar ya isa ya ƙona bakin jariri. In nonon uwa ne da aka tatsa, zafin na lalata wasu sinadaran kariya da ke cikinsa. A tsoma kwalbar cikin kwanon ruwan ɗumi, a girgiza, a ɗiga a bayan hannu. Kunun yaro in an ɗumama a akwati, a juya sosai, a bar shi ya huce, uwa ta ɗanɗana kafin ta ba shi.

To ga yadda za ka shiga tsakani. Ka samu maiɗakinka ku biyu, ka gaya mata tsoro ne ke damun Mma, girkinta ba shi da laifi. Ka roƙe ta, ita da bakinta, ta je ta ce: Mma, na bincika, kin yi gaskiya a kan madarar, na daina. Tsohuwar da aka ba gaskiyarta sau ɗaya takan sassauta a sauran. A bar mata tuwonta a kan wuta, in ma tana so ita ta tuƙa, dama tuwon akwati ba zai kama ƙafar nata ba, kuma surukar ta zauna kusa ta koyi hannun Salaga. Kada a ɓoye mata a ba ta abin da ta ce ba ta so, ranar da ta gane an gama yarda. Ku dai ku ci naku a gabanta lafiya lau. Watan hunturu na zuwa, akwai asubar da za ta so kunu mai zafi gawayi bai kamu ba. Gani ya kori ji.

Ta uku: Daga wani ɗalibi, Zongo

Gwaggo, gidan haya muke, ɗaki shida mita ɗaya. Tun da na sayi maikirowef na hannu, duk ranar da kuɗin wuta ya ƙare sai a ce ni ne. Na biyu kuma, shekaranjiya na ɗumama dafa-dukar da ta kwana a kan tebur, ta yi zafi sosai har tana tururi, amma na wuni ina amai. Ko akwatin ne ya lalace?

Amsa

Ɗana, ɗauko biro. Akwati mai wat 800 yana jan wajen wat 1,200 daga bango. Minti 10 a haka kashi ɗaya cikin biyar na yunit ne. In kana kunna shi minti 20 kullum, a wata yunit 12 ke nan. Butar lantarki takan ja wajen wat 2,000, dutsen guga 1,000 ko fiye, firij kuma ba ya barci dare da rana. Ku zauna da maƙwabta ranar Juma'a bayan an sauko, kowa ya faɗi kayan wutar da ke ɗakinsa da awannin da yake kunna su, a raba kuɗin katin wuta na NEDCo a kan haka. Kai ka fara faɗin naka, ka kuma biya ba ja-in-ja, sauran za su ji nauyin ɓoyewa. Ka riƙa soka shi kai tsaye a soket na bango, kada ka haɗa shi da wasu kaya a kan siririyar waya mai baki da yawa.

Aman kuwa, akwatinka lafiyarsa lau, shinkafar ce ta ci amanarka. Akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, da irinta ke tsira daga dahuwa. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ɗumin ɗaki sai su farka su hayayyafa, su zuba dafi, kuma dafin nan zafi ba ya karya shi, ko a akwati ko a kan murhu. Ƙa'idar masana ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, in zafin gari ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya. Kai ka san Tamale a watan Maris, har 40 takan taɓa. In ba ka da firij, dafa daidai cikinka, kofi ɗaya na shinkafa minti 20 ne. In kana da shi, ka baza ragowar a faranti ta huce da wuri, ka sa a ciki, ka cinye washegari, ka ɗumama sau ɗaya kawai har tsakiya ta yi tururi. In an ɗauke wuta, firijin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4. Bayan nan, shinkafa da miyar nama ba abin amincewa ba ne ko da hanci bai ji komai ba.

Ka sha ruwan gishiri da sukari na ORS har ƙarfinka ya dawo. In amai ya wuce yini, ko zazzaɓi ya shigo, ko ka ga jini, maza asibiti. Kuma ɗana, dafa-duka da ba ganye ba wake, ko ba ta kwana ba ai da saura. Koma sama ka karanta faten doyar da na koya wa yayarka ta Kanvili, kuɗinsa bai kai na kati ba.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Taku,
Gwaggo